Ƙuri'ar waya a gasar talabijin: abin da doka ta ba ki da abin da ba ta ba ki ba

Wata baiwar Allah mazauniyar Makka ce ta aiko da doguwar wasiƙa, wadda na taƙaita bayan na cire sunaye da duk abin da zai sa a gane ta:

"Assalamu alaikum, Lauya. Ɗan yayana, wanda ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, ya shiga gasar waƙoƙin yabon Manzon Allah a wata tashar tauraron ɗan'adam, har Allah ya kai shi zagayen ƙarshe. An ce masu kallo ne za su zaɓi gwani ta hanyar tura saƙon waya. Muka tashi tsaye, dangi da maƙwabta daga Shara Mansur har Hindawiyya, da 'yan uwa na Jidda da Madina, kowa ya kawo abin da ya samu, har riyal 18,000 suka taru a hannuna. Muka sayi katin waya, muka zaunar da yara dare uku suna tura saƙo. A daren ƙarshe allo ya nuna shi ne a gaba, amma da aka zo sanarwa sai aka kira wani. Na tabbata maguɗi aka yi, kuma zuciyata tana gaya mini don an ga baƙar fata ne. Ina so in kai su kotu a ƙwato masa kyautarsa, a mayar wa mutane kuɗinsu. Na kuma ɗauki bidiyo na tona musu asiri, ban dai sake shi ba tukuna."

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri kan riƙon maraya, ya kuma sanyaya zuciyar yaron. Kafin komai, ina roƙonki kada ki saki wannan bidiyo, kada kuma ki tura wa kowa shi ko da da sunan neman shawara ne, domin abin da ya bar wayarki ya bar ikonki. Zan dawo kan dalilin. Sannan ki riƙe cewa duk abin da zan faɗa bisa labarin ɓangare ɗaya na gina shi, alhali takardu biyu ne ke riƙe da hukuncin wannan magana, wato sharuɗɗan ƙuri'a da tashar ta wallafa da yarjejeniyar da yaron ya sa wa hannu ranar da aka karɓe shi. Duk lauyan da ya yi miki alƙawarin nasara bai karanta waɗannan biyun ba, to ba shawara yake ba ki ba.

Kuskuren da na gani a gindin wasiƙarki, wanda kuma kusan kowa ke yi, shi ne ɗaukar wannan ƙuri'a tamkar zaɓe, inda kowane mutum ke da murya ɗaya, akwai hukuma mai zaman kanta da ke ƙirga, akwai kuma hanyar ƙalubalantar sakamako da doka ta shimfiɗa. Ƙuri'ar gasar talabijin ciniki ce. Duk lokacin da yaran nan suka danna lambar ɗanki suka tura, ƙaramar yarjejeniya ce aka ƙulla: an cire kuɗi daga layi, a madadin haka aka yi alƙawarin isar da saƙon da ƙirga shi bisa sharuɗɗan da aka shelanta. Iyakar abin da aka saya ke nan. Ba a sayi nasara ba, ba a sayi tabbacin cewa wanda ya fi murya shi zai ci ba, kuma a mafi yawan sharuɗɗan da irin waɗannan tashoshi ke rubutawa, ba a ma sayi haƙƙin ganin alƙaluman ƙarshe ba. Saboda haka tambayar da alƙali zai iya saurara ita ce ko an ƙirga saƙonninku yadda aka ce za a ƙirga. Tambayar ko ɗanki ya fi cancanta, kotu ba ta da ma'aunin da za ta auna ta.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa yanzu, domin wasiƙarki da kanta ta nuna inda matsalar take. Kun tara kuɗi, kun sayi kati, kun zaunar da yara dare uku, wato mutane ƙalilan sun jefa ƙuri'a dubbai. Ban ce kun yi laifi da hakan ba, muddin sharuɗɗan ba su hana ba, amma ƙofar da kuka shiga a buɗe take ga kowa. Idan dangin wancan yaro sun tara riyal 50,000, ko wani attajiri ɗaya daga garinsu ya ɗauki nauyin abin, to sun riga ku ba tare da an taɓa ƙuri'a ko ɗaya ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun da aka fara gasar mawaƙan Sha'irul Milyon a Abu Dabi a 2006, mutane suka saba ganin ƙabila guda ta tashi don ɗanta, kuma duk wanda ya kalli Arab Idol a 2013, shekarar da Muhammad Assaf na Gaza ya ci, ya ga yadda al'umma ke mayar da ƙuri'a alamar kishin ƙasa. A ra'ayina tsarin da mai kuɗi ke sayen murya dubu, talaka kuma ya sayi ɗaya, ba ma'aunin gwaninta ba ne, kuma yana damuna ƙwarai in ga gidajen da ke lissafin kuɗin haya da na sabunta igama, wato takardar izinin zama, suna zuba dukiyarsu a ciki. Amma rashin adalcin da aka shelanta tun farko, kowa ya shiga da saninsa, da wuya doka ta kira shi yaudara.

Sai maganar allo, wadda ita ce ƙashin bayan zarginki. Kason da ake nunawa a ƙasan allo yayin da shiri ke gudana, a mafi yawan lokuta, hoton wani lokaci ne da ya wuce, kuma sau da yawa na hanya ɗaya ne kawai. Saƙon da ya bar wayarki ba tashar yake zuwa kai tsaye ba. Yana bi ta kamfanin layinki, daga nan ya isa wani kamfani na tsakiya mai kula da gajeruwar lambar da ake turawa, shi ne ke tattarawa ya miƙa wa tashar jimilla, kuma ukun nan ne ke raba kuɗin a tsakaninsu. A mintunan ƙarshe, lokacin da kowa ke turawa a tare, saƙonni kan yi cunkoso, wasu su isa bayan an rufe. Ban da wannan, tashar da ake kallo a ƙasashe da yawa tana karɓar ƙuri'a daga layukan kowace ƙasa, wani lokaci har da manhaja ko shafin intanet, kuma ba lallai ne a haɗa su gaba ɗaya ba sai a ƙarshe. A gasa da dama akwai kuma makin alƙalai da ake haɗawa da na masu kallo. Akwai sharaɗin da ke iyakance yawan ƙuri'ar da za a ƙirga daga layi ɗaya, akwai kuma wanda ke ba tashar damar zubar da duk ƙuri'un da take ganin na'ura ce ta turo su ko an turo su a dunƙule. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi tsaya mini a rai game da ku, domin layuka ƙalilan da ke tura saƙo iri ɗaya ba ƙaƙƙautawa dare uku, a idon kwamfutar da ke tantancewa, ba su da bambanci da na'ura. Mai yiwuwa ne, ban ce tabbas ba, an karɓi kuɗinku an kuma zubar da kaso mai yawa na ƙuri'unku bisa wani sharaɗi da ba wanda ya karanta a cikinku.

Kada ki ɗauka ina wanke tashar ne. Tashar da ke kiran jama'a su biya kuɗi da sunan su ne masu hukunci, sannan ta rufe ƙuri'a ta ƙi faɗin ko adadi nawa kowa ya samu, ta kuma ɓoye sharuɗɗanta a wani lungu na shafinta da ƙananan haruffa, ita ce ta jawo wa kanta zargi, kuma ban ga abin da zai hana mai gaskiya wallafa alƙaluma ba. Doka ma ba ta sakar mata mara gaba ɗaya ba. Dokar mu'amaloli ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a Disamba 2023, ta wajabta aiwatar da yarjejeniya da kyakkyawar niyya, ta kuma ba kotu ikon gyara sharaɗin zalunci ko sauke shi daga kan mai rauni a irin yarjejeniyar da ɓangare ɗaya ya rubuta, ɗayan kuma ba shi da zaɓi sai ya karɓa ko ya bari. Saboda haka jimlar nan da suke son rubutawa, cewa hukuncin tasha shi ne na ƙarshe ba a jayayya da shi, tana iya kare su kan abin da ya shafi ɗanɗano da zaɓin alƙalai, amma ba na ganin za ta kare wanda aka tabbatar ya sauya alƙaluma da gangan. Wanda ya karɓi kuɗin mutane da ƙarya yana iya faɗawa ƙarƙashin dokar yaƙi da damfara da cin amana ta 2021, wadda hukuncinta ke kaiwa ɗaurin shekara 7 da tarar riyal miliyan 5. Sai dai komai ya rataya ne a kan tabbatarwar.

Maguɗi a irin wannan gasa yana faruwa, kuma an sha kama shi. A Birtaniya, bayan tonon sililin da aka yi a 2007, hukumar kula da kafofin watsa labarai ta Ofcom ta ci tashar ITV tarar fam miliyan 5.675 a Mayun 2008, saboda an samu shirye-shiryen da aka ci gaba da karɓar kuɗin masu kira alhali an riga an yanke sakamako, da waɗanda ma'aikata suka yi watsi da zaɓin masu kallo suka sa nasu. A Rasha, a 2019, tashar Channel One ta soke sakamakon gasar waƙa ta yara bayan wani kamfanin binciken kwamfuta da ta ɗauko ya gano cewa lambobi kusan 300 ne suka turo saƙo fiye da 8,000 don yarinya ɗaya. Ki lura a nan laifin daga ɓangaren masu turawa ya fito, abin da ya sa na ja hankalinki a sama. Wanda ya fi kusa da abin da kike zargi shi ne na Koriya ta Kudu, inda a Yulin 2019 masu kallo suka lura cewa alƙaluman ƙarshe na shirin Produce X 101 suna bin wani tsari na lissafi da ba zai yiwu ya faru haka kawai ba, tazara iri ɗaya tana maimaita kanta tsakanin 'yan takara. Suka kai ƙara, aka yi bincike, a 2020 aka yanke wa furodusan shirin ɗaurin shekara 2.

Abu biyu nake so ki ɗauka daga waɗannan. Na farko, babu inda aka kama maguɗi da zato ko da hoton allo. An kama shi ne da alƙaluman da aka wallafa, ko da binciken wanda ya samu shiga na'urorin da suka ƙirga, ko da hukumar da ke da ikon cewa a kawo mata takardu. Na biyu ya fi ɗaci. A shari'ar Koriya, bayan an tabbatar da laifin har an ɗaure mutum, abin da kotun ɗaukaka ƙara ta ce a biya mai kallon da ya nemi diyya shi ne won 100, kuɗin saƙonsa guda ɗaya, wanda bai kai rabin riyal ba. Haka doka ke kallon asarar mai ƙuri'a kusan ko'ina: kuɗin saƙon da ya biya, ba baƙin cikinsa ba, ba kuma kyautar da gwaninsa ya rasa ba.

A nan Saudiyya ƙa'idar sananniya ce, kuma dokar hujjoji da ta fara aiki a 2022 ta rubuta ta ƙarara: hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa kan wanda ya musa. Dokar ta amince da hujjar waya da ta kwamfuta, don haka saƙonninku da amsoshin da aka dawo muku da su da bidiyon shirin duk za a iya gabatar da su. Amma abin da suke tabbatarwa shi ne kun tura, ba sa tabbatar da cewa wani bai fi ku turawa ba. Gaskiya ne ana iya roƙon kotu ta tilasta wa abokin shari'a fito da wata takarda, ko ta naɗa gwani ya duba, sai dai wannan yana da sharuɗɗa, alƙali yana da damar ƙi idan ya ga neman ya zama lalube, kuma kuɗin gwani yawanci mai nema ne ke fara ajiye shi. Game da batun launin fata, ba zan ce miki ba a yi ba, domin duk wanda ya tashi a unguwanninmu ya san abin da kunnensa ya sha ji. Amma idan ba wata kalma da wani ya furta a gaban shaidu, ko wani rubutu da ke hannunku, sanya wannan zargi a takardar ƙara zai raunana sauran maganganunku masu ƙarfi, ya kuma ba wancan ɓangare abin kamawa.

Yanzu maganar ƙwato kyauta. Wannan haƙƙi, idan ma akwai shi, ba naki ba ne, na yaron ne, domin shi ne ya ƙulla yarjejeniya da masu gasar, kuma idan ya kai shekara 18 shi zai tsaya da kansa ko ya wakilta wani a hukumance. Riƙon da kika yi masa, duk girmansa a wurin Allah, bai ba ki tsayuwa a kotu a madadinsa ba. Doka ta san alƙawarin kyauta da aka yi wa jama'a a fili, tana kuma ɗaure mai alƙawarin ga wanda ya cika sharaɗin, amma sai yaron ya tabbatar cewa shi ne ya cika shi, wato mun koma kan alƙaluman da ba sa hannunmu. Ko da an gano cewa an yi kuskure a ƙirga, ba lallai ne kotu ta ce a ba shi kyautar ba, tana iya tsayawa kan wata diyya da ta ga ta dace. Ya kamata kuma a duba yarjejeniyarsa da kyau, domin irinta kan ƙunshi sharaɗin rufe baki, da sharaɗin da ke cewa dokar wata ƙasa ce za ta yi aiki ko a je gaban masu sasantawa a wani birni. Tashoshi da yawa da muke kallo a ɗakunanmu a Makka lasisinsu na wata ƙasa ne, ɗaukar shirin ma a wata ƙasar aka yi, kuma idan taku haka take, to tun kafin a taɓa gundarin magana za a ɓata watanni kan wace kotu ce ke da hurumi. Sannan shari'a ba kyauta ba ce yanzu. Tun 2022 ana biyan kuɗin kotu da ke iya kaiwa kashi 5 cikin 100 na abin da ake nema, wanda a ƙarshe ke komawa kan wanda ya faɗi, ban da kuɗin lauya. Idan kyautar riyal 200,000 ce, ki lissafa da kanki abin da zai iya hawa kan yaron da bai fara tara komai ba.

Inda nake ganin kuna da 'yar ƙafar tsayawa shi ne kan kuɗin saƙonni, amma ba duka riyal 18,000 ba. Saƙon da aka tura cikin lokaci, aka ƙirga shi, gwaninsa ya faɗi, kuɗinsa ya tafi. Wanda za a iya nema shi ne saƙon da aka cire wa kuɗi bayan an rufe ƙuri'a ba tare da an sanar ba, ko wanda aka cire wa kuɗi sau biyu, ko aka cire fiye da farashin da aka shelanta, ko wanda ya haura iyakar da aka sa wa layi ɗaya amma aka ci gaba da karɓar kuɗinsa ba gargaɗi. Hanyar ta yau da kullum ce. Mai layin, wato wanda sunansa ke kan rajista, shi ke shigar da ƙorafi wurin kamfanin layinsa ya karɓi lambar ƙorafi, kamfanin yana da kwana 5, idan bai warware ba ko amsarsa ba ta gamsar ba, sai a ɗaga zuwa Hukumar Sadarwa da Sararin Samaniya da Fasaha ta shafinta. Ƙorafi irin wannan yana da wa'adi, ƙa'idar da aka saba da ita kwana 60 ce daga faruwar abin, don haka kada a yi sanya. Kowane layi da nasa ƙorafin, ba za ki haɗa su ki shigar da sunanki ba. Kada kuma a goge saƙo ko ɗaya, musamman amsar da gajeruwar lambar ke dawowa da ita, domin lokacin da ke jikinta shi ne hujjar.

Wannan ya kawo ni kan ɓangaren da ba ki tambaya ba, wanda kuma ya fi hana ni sakewa. A yadda kika ba da labari, haɗarin da ke kanki ya fi wanda ke kan tashar kusa. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ke kaiwa shekara 1, ko tarar da ke kaiwa riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya ɓata sunan wani ta hanyoyin sadarwa, kuma kiran mutane ɓarayi a bidiyo, da ambaton sunan tasha ko na alƙali ko na yaron da ya ci, shi ne ainihin abin da ake kai ƙara a kansa. Cewa a zauren WhatsApp na dangi kawai kika saka ba kariya ba ce. Ga wanda ke zaune da igama kuwa, hukunci irin wannan na iya ƙarewa da tarhil, wato korar mutum daga ƙasar, kuma ba na son garin neman gira ki rasa ido. Abu na biyu, tara kuɗi daga hannun jama'a ba da izini ba abu ne da hukumomin ƙasar nan ke ɗauka da zafi. Karo-karo tsakanin dangi na jini wani abu ne, amma idan an yi shela a zaurukan waya, an baza lambar asusu, mutanen da ba ki sani ba sun turo, to maganar ta sauya, kuma ƙarar da za ki shigar ita ce za ta sa ki rubuta da hannunki yadda kuɗin suka taru. Abu na uku, kowane layi a nan yana ɗaure da katin shaida ko igamar wani da zanen yatsansa. Idan a cikin layukan da yaran suka yi amfani da su akwai wanda aka saya a bayan fage da sunan wanda ba ku sani ba, kada a shigar da ƙorafi a kansa kafin lauya ya gani.

Akwai kuma wata gaɓa da ya kamata a duba a sharuɗɗan. Idan an ce duk wanda ya tura ƙuri'a ya shiga cankar mota ko kuɗi, to abin ya matso kusa da caca. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, mai mazauni a Jidda, a zamanta na Doha a Janairun 2003, ta yanke cewa biyan kuɗin kiran waya don shiga gasa bai halatta ba idan kuɗin ko wani sashensa na shiga cikin kyautar, kuma dokar mu'amaloli ma ta ɓata duk yarjejeniyar caca. Wanda ya zaɓi gwani kawai ba ya jiran komai, matsayinsa daban ne, kuma fatawa aikin malamai ce. Na kawo ta ne domin idan akwai irin wannan canka, to wani abu ne da hukuma za ta so ta ji, wanda kuma zai sa tashar ta fi son a gama magana cikin ruwan sanyi.

Shawarata ita ce a bar kotu a gefe tukuna. Yaron, da sunansa, ya rubuta wa tashar da kamfanin da ya shirya gasar takarda mai ladabi, babu zargi a cikinta ko kalma ɗaya, yana neman abu huɗu: jimillar ƙuri'un kowane ɗan takara a zagayen ƙarshe, ainihin lokacin da aka rufe, yadda aka haɗa makin alƙalai da na masu kallo, da adadin ƙuri'un da aka zubar masa tare da dalili. A ba su wa'adi mai ma'ana, kamar mako biyu. Mai yiwuwa su yi shiru, domin sun saba, amma shirun ma yana da amfani, saboda da shi da lambobin ƙorafin layuka za a iya zuwa Hukumar Tsara Harkokin Yaɗa Labarai idan tashar ko kamfanin na ƙarƙashin lasisinta, kuma ita tana iya tambayar abin da ke ba za ki iya tilasta a ba ki ba. Idan amsar ta nuna an zubar da ƙuri'u masu yawa bayan an karɓi kuɗinsu, to a nan ne ake zama sulhu, ko kai tsaye ko ta dandalin Taradi na Ma'aikatar Shari'a, wanda takardar sulhunsa ke da ƙarfin zartarwa kamar hukunci. Abin da za a iya samu a irin wannan zama, a ganina, shi ne mayar da kuɗin saƙonnin da ba a ƙirga ba, da sakin yaron daga duk wani sharaɗi da ya ɗaure muryarsa ga kamfanin na tsawon shekaru, watakila da damar sake fitowa a wani shiri. Ga saurayin da ya kai zagayen ƙarshe, jama'a suka san fuskarsa, wannan sakin yana iya fin kyautar amfani, kuma shi ne abu na farko da zai rasa ranar da aka shiga gaba da su.

Su kuma mutanen da suka ba da kuɗinsu, bisa abin da kika faɗa kyauta suka bayar don wata manufa, kuma an kashe ta a kan manufar, don haka ba na ganin bashi ne a kanki, sai fa idan kin yi wa wani alƙawarin mayarwa ko rabon kyautar, a baki ko a saƙo. Duk da haka ki zauna ki rubuta wanda ya ba da nawa, ki haɗa rasiɗan katin da aka saya, ki kira manyan dangi biyu ko uku ki nuna musu, ki kuma roƙe su su hana matasa rubuce-rubuce da sunan yaron, domin abin da wani ya rubuta cikin fushi kansa zai iya komawa. Idan akwai canji da ya rage a hannunki, ki mayar wa masu shi a gaban waɗannan shaidu. Bayan nan ki nemi lauya mai lasisi a Makka ko Jidda, ki je masa da yaron, da yarjejeniyarsa, da hoton sharuɗɗan ƙuri'ar kamar yadda suke a shafin tashar yau kafin a sauya su, da wayoyin da aka yi turawar da su.